Amsa Ga Malamin Da Aka Mayar Wa Da Wasansa

Malam, takardarka ta iso, mun karanta, mun kuwa ji abin da ya same ka. Ka ce ka yi wata bakwai kana rubuta wasan kwaikwayo na ban dariya, ka aika wa wani gidan rediyo, bayan wata uku suka mayar maka da abinka da 'yar takarda mai layi biyu, wai bai dace da su ba. Kana tambaya ko ka sake aikawa, ko kuwa ka jefa a murhu. To, kada ka ƙona tukuna, tsaya ka ji labarin waɗansu mutum biyu a Ingila.

Sunansu Rob Grant da Doug Naylor. Cikin shekarar 1983 suka rubuta wani wasa mai suna Red Dwarf, suka kai wa BBC a Landan don a nuna a talabijin. Labarin wani malalaci ne mai aiki cikin jirgin sararin samaniya, wanda ya farka bayan shekara miliyan uku ya tarar duk 'yan Adam sun ƙare sai shi. Abokan zamansa kuwa su ne siffar wani mamaci da ba sa ga maciji da juna, da wata halitta da ta fito daga zuriyar kyanwarsa. Manyan gidan suka ƙi, don a ganinsu labarin sararin samaniya tsada gare shi, ba kuma shi da farin jini. Shekara uku takardun nan suna kwance.

Amma akwai wani mai shirya wasanni, Paul Jackson, wanda ya karanta ya yi dariya, bai kuwa manta ba. A 1986 reshen BBC na Manchesta ya ware kuɗi don kashi na biyu na wani wasa, Happy Families, sai ya zamana ba za a yi shi ba. Ga kuɗi a ajiye, babu wasa. Nan Jackson ya miƙa musu Red Dwarf, suka karɓa. Ko a nan ma sai da masu aikin lantarki suka yi yajin aiki a 1987 aka dakata. Ran 15 ga Fabrairu 1988 aka fara nuna shi, a 1994 ya ci lambar Emmy ta ƙasashen duniya.

Ka lura da mutanen nan, Malam. Sun sami mutum ɗaya wanda ya yarda da su, shi kuwa ya bi ta wata ƙofa, a ranar da kuɗi ke neman wasa. Sau da yawa in an ce bai dace ba, abin nufi shi ne babu kuɗi bana, ko babu fili, ko kuwa akwai irinsa a hannu.

Saboda haka fara rubuta musu cikin ladabi, ka yi godiya, ka roƙi a faɗa maka dalili. Kada ka sa zargi ko kaɗan, gama wanda ka zaga yau shi zai buɗe takardarka gobe. In sun ce mutanen wasan sun yi yawa, rage. Ka ce naka mutum goma sha huɗu ne. Kowanne sai an biya shi, a rediyo kuma mai sauraro ba ya iya rarrabe murya goma sha huɗu.

Sa'an nan abin da muka fi so ka yi: ban dariya a kan takarda kamar ganga ce a rataye, sai an kaɗa ake sanin zaƙinta. Mai duba wasanni shi kaɗai yake zaune a ofis, da tulin takardu gabansa, ga gajiya. Kai kuwa malamin makaranta ne, ba ka rasa 'yan wasa. Tara manyan almajiranka su karanta a gaban jama'ar da ba ta san kai ka rubuta ba, ka ɗauki muryoyin a wayarka, ka zauna a baya da fensir kana sa alama inda aka yi dariya da inda aka yi tsit. Su Grant ma a rediyo suka fara gwada tushen labarinsu, cikin wani shiri mai suna Son of Cliché.

Gaskiya dai mu ba mu ga wasanka ba, wasanni da yawa kuma da ake mayarwa sun cancanci mayarwar. In shafi uku suka wuce ba wanda ya murmusa, to, laifin ba na gidan rediyo ba ne, sai ka koma ka gyara. In kuwa ɗaki ya ɗauki dariya, yanki minti biyar mafi daɗi, ka nemi sunan mai shirya wasanni, ka aika masa shi kansa, ka kuma aika wa wani gida dabam. Ka bar wata shida tsakani kafin ka koma wa na farko.

Muna so ka rubuto mana yadda kuka yi da almajiran. Haza wasalam.