Ba A Zama Direba A Sati Ɗaya

Duk wanda ya ce zai koya maka mota cikin sati ɗaya ƙarya yake yi maka, kuma irin ƙaryar da ke cin ran mutane ce. A Samaru da Sabon Garin Zariya, tambayar farko da mai son koyon tuƙi yake yi ita ce, "Malam, kwana nawa zan yi in iya?" Amsar kuwa kusan ɗaya ce ko'ina: "Haba Alhaji, mai kai irinka ai kwana uku ma ya yi yawa." In mace ce sai a ce, "Hajiya, motarki otomatik ce, ba komai a ciki, burki ne da totur kawai." Daga nan a kai mutum filin ƙwallon wata firamare da la'asar, ya yi ta zagaye, ya koyi tashi da tsayawa, ya yi ribas tsakanin duwatsu biyu, a tafa masa a ce hannunsa ya faɗa. Washegari ga shi a kan titin Sakkwato da iyalinsa a baya.

Wanda ya san wannan titi ya san abin da nake nufi. Tun daga PZ, ka bi ta ƙarƙashin gadar Kwangila, ka wuce Palladan da Zango, ka iso ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da kasuwar Samaru, har ka miƙe Shika, babu inda direba zai huta da ido. Ɗalibai na tsallakawa a ayari, wasu da waya a kunne. Ƙananan bas suna cin burki a tsakiyar hanya da zarar an ɗaga musu hannu. Ɗan acaɓa ya ɓullo ta hagunka, Keke Napep ya yanko ta damanka, mai baro yana tafe da buhunan masara, almajiri ɗan shekara bakwai ya ruga da kwanonsa bai duba ko'ina ba. A bayanka kuma tirela ce mai ɗauke da kaya za ta Funtuwa ko Gusau, wadda ko direbanta ya so tsayawa nan take ba za ta tsaya ba. Cikin wannan ake sako mutumin da duk iliminsa na mota bai wuce zagayen turakun gola ba. Wane irin rashin tausayi ne wannan?

Abin da ake koya a fili shi ne motsa mota, kuma gaskiya ne wannan ba ya ɗaukar lokaci. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ma zai iya sakin kuloci ya sa giya. Tuƙi kuwa aikin ido ne da hankali. Shi ne ka hango ƙafar yaro ta ƙarƙashin bas ɗin da ta tsaya, ka rage gudu tun bai fito ba. Shi ne ka gane daga yadda ɗan acaɓa ya karkata kafaɗa cewa zai juya, alhali bai ba da hannu ba. Shi ne ƙafarka ta sami burki da kanta ranar da ka firgita, ba ta danne totur ba. Sabon shiga idonsa na kan sitiyari da giya, kunnensa na kan ƙarar inji, ba shi da sauran hankalin da zai ba wa hanya. Sai hannu da ƙafa sun saba har sun daina neman izinin ƙwaƙwalwa, sannan ido yake samun sukunin karanta abin da ke gaba. Wannan sabo ba a sayensa, ba a kuma gaggauta shi.

Ga ɗan lissafin da nake so kowane mai koyo ya haddace kafin ya taɓa makulli. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Mai gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28. Daƙiƙar da za ka ɓata kafin ka gane akwai matsala har ƙafarka ta kai ga burki, motar ta riga ta haɗiye wannan nisa. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da burki ke buƙata kafin motar ta tsaya yana ninkuwa ne sau huɗu. Shi ya sa dokar hanya ta ƙasar nan ta ƙayyade kilomita 50 a awa cikin gari. Masu "kwana uku" nawa ne aka taɓa zaunar da su aka gaya musu wannan?

A Birtaniya, hukumar da ke gwada direbobi ta ce matsakaicin mai koyo yana buƙatar kimanin awa 45 tare da malamin tuƙi, da ƙarin awa 22 na gwaji tare da wani ƙwararre, kuma duk da haka kusan rabin masu zuwa jarrabawar hanya faɗuwa suke yi. A Jamus dole ne mai koyo ya yi darussa 12 na musamman bayan na yau da kullum: biyar a hanyar bayan gari, huɗu a babbar hanya, uku cikin dare. A Ostireliya, a jihar da birnin Sidni yake, matashin da bai kai shekara 25 ba sai ya cika awa 120 yana tuƙi da mai lasin a gefensa, awa 20 daga ciki da daddare, kafin a yarda ya je gwaji. Waɗannan ƙasashe ne masu titi mai layi, da fitilun ba da hannu masu aiki, inda ba za ka haɗu da garken shanu a kwana ba. Mu da hanyarmu ta fi tasu wuya nesa ba kusa ba, mu ne muka ga sati ɗaya ya wadatar.

Kada wani ya ce mini ai mu ba mu da doka. Muna da ita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta shimfiɗa tsari a fili: sai mutum ya kai shekara 18, sai ya shiga makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita, ya yi darussa a ƙalla 26, sannan jami'in gwaji ya gwada shi, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa a ba shi lasin. Darussa 26 ɗin nan ma mafi ƙaranci ne, ba su kai na ƙasashen da na ambata ba. Amma ko su ɗin wa ke cikawa? Kowa a garin nan ya san wani mai lasin a aljihu da bai taɓa zama a gaban mai gwaji ba. Ana ba wani "ɗan hanya" kuɗi da hoto, a ce ka dawo bayan wata ɗaya. Watan nan ba na koyo ba ne, na jiran kwanakin su cika a kwamfuta ne, don takarda ta nuna an yi darussan da ba a yi ba. Ita kanta hukumar ta sha sanar da dakatar da makarantun tuƙi saboda irin wannan almundahana. Jami'an hukumar kula da hanya ta jiha, KASTLEA, da na FRSC suna tare motoci a hanya suna neman takardu, direba ya miƙa lasin mai kyau, hoto nasa, suna nasa, a sallame shi. Katin bai nuna cewa mai shi bai san abin da farin layin da ba ya yankewa yake nufi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a Zariya ake wannan. A Palladan, a bakin wannan titi na Sakkwato, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama take tun 1964. Ƙananan jiragenta suna shawagi a kanmu kullum. A ƙa'idar duniya ba a ba mutum ko da lasin tuƙa ƙaramin jirgi na kansa sai ya cika a ƙalla awa 40 a sama, ana rubuta kowace awa a littafi, malami na sa hannu, ban da karatun aji da jarrabawa. A hanyar Basawa kuma ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, tun 1986, inda ake zuwa daga sassan Nijeriya don koyon harkar sufuri. Garin da ke koya wa ƙasa yadda ake horar da matuƙi, a ƙarƙashin inuwar waɗannan makarantu ake miƙa wa ɗan kwana uku makulli. Ilimin yana nan a ƙofar gidanmu, mu ne ba mu ɗauki ran mai tafiya a ƙasa da daraja ba.

Iyayenmu da ba su yi boko ba sun fi mu sanin nauyin wannan abu. Tambayi duk wani tsohon direba a tashar Sabon Gari yadda ya koyi mota. Zai ce maka yaron mota ya fara yi. Shekaru yana wanki, yana duba mai da ruwa da asuba, yana sa weji a hawa, yana canza taya cikin rana, yana zaune a gefen ubangidansa yana kallon yadda yake shiga kwana da yadda yake wuce babbar mota. Kafin a bar shi ya matsar da mota a cikin tasha ma sai an ga natsuwarsa. Ranar da maigida zai ce, "Zo ka ja mu," ya riga ya san hanyar Kano da ta Funtuwa rami-rami. Ba na cewa tsarin ba shi da aibu, akwai wahalar da yara a ciki, kuma da yawansu ba su koyi karanta alamun hanya ba. Amma sun fahimci abu ɗaya da muka yar: lokaci ne ke yin direba. Ko tela ba ya miƙa wa yaron da ya zo shago makon jiya shaddar sallar mutane ya yanka. Shadda kuwa in ta lalace ana sayen wata.

Laifi mafi girma a wurina na iyaye ne, musamman masu hali da masu ilimi, waɗanda ba su da uzurin jahilci. Uba ya ba ɗansa ɗan sakandare makulli ya kai ƙannensa Islamiyya, har yana alfahari a majalisa: "Ai yaron nan ba wanda ya koya masa, da kallo ya iya." Wannan abin kunya ne, Alhaji, ba abin yabo ba. Miji ya saya wa matarsa mota, ya ɗora ta a hanya bayan darasi huɗu don ya huta da kai yara makaranta, in ta ce tana jin tsoro ya ce tsoron ne zai hana ta iyawa. Tsoron nan nata hankali ne, ita ta fi shi gaskiya. Ga kuma samarin da ke wasan mota ranar ɗaurin aure ko ranar gama jarrabawa, suna juya mota a tsakiyar jama'a ana yi musu shewa. Motar wa suka ɗauka? Wa ya ba su? Sannan a dubi yadda muke wulaƙanta mai bin ƙa'ida. Wanda ya manna jan harafin L a motarsa yana tafiya a hankali, shi ake danna wa hon, shi ake zagi, har ya ji kunya ya cire alamar tun bai ƙware ba. Mun mai da koyo abin kunya, ganganci kuma jarumta.

Idan abin ya faru sai mu taru a asibitin koyarwa na Shika, ko a maƙabarta, mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma ban yarda a mai da ita mayafin sakaci ba. Addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ɗora wa wanda ya kashe rai bisa kuskure diyya da kaffara, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Kaffarar nan, ga wanda bai sami bawan da zai 'yanta ba, azumin wata biyu ce a jere. A tsaya a yi tunani a kan wannan: mutumin da ya ƙi ba koyon tuƙi wata biyu zai iya wayar gari da azumin wata biyu a wuyansa, ga marayun wani da zai riƙa tunawa har ya mutu. Malamanmu na Samaru da Sabon Gari su riƙa faɗin wannan a kan mumbari ranar Juma'a. Ƙididdigar FRSC ta nuna sama da mutum 5,000 ke mutuwa a hanyoyin Nijeriya kowace shekara, waɗanda aka rubuta ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. Ban ce duka laifin sababbin direbobi ba ne. Akwai ramuka, akwai tsofaffin tayoyi, akwai gudu da barci da ƙwaya. Amma direban da aka horar da kyau shi ne ke tsira daga ramin, shi ne kuma ya san tayar da ta ƙare.

To kwana nawa ake yi? Ga amsata ga mai tambaya da gaskiya. Ka yi darussa 26 ɗin nan cif, a kan titi, da malamin da zai iya ce maka ba ka iya ba ko da ka biya shi. Bayan nan, a ganina, ka ƙara wata uku zuwa shida ba ka fita sai da ƙwararre a gefenka. Kada ka kira kanka direba sai ka bi Kwangila da yamma lokacin tashi daga aiki, ka ratsa kasuwar Sabon Gari ana jajibirin salla, ka yi tuƙi cikin ruwan Agusta gilashi na yin hazo, ka yi cikin ƙurar hunturu, ka yi da daddare fitilar tirela na kashe maka ido, ga wata motar ta mutu a gaba ba alama sai ganyen da aka zuba a kwalta. Hanyar Kaduna ko ta Kano kuwa ka bar ta sai bayan duk wannan.

Hukuma kuma ta daina gwajin je-ka-na-yi-ka. A sa mai neman lasin a mota, mai gwaji a gefensa, ya tuƙa daga PZ zuwa Samaru ya dawo, wanda ya faɗi a ce masa ya faɗi ko ɗan wane ne. Makarantar da aka kama tana sayar da takardar darussan da ba a yi ba a rufe ta, a bayyana sunanta a rediyo, sannan a bi duk lasin da ya fita ta hannunta a kira masu shi su zo su yi gwajin da suka tsallake.