Daga ZD2 Zuwa 5N2

Duk mai bin diddigin tarihin masu rediyon sha'awa, wato mutanen nan da ke zantawa da juna ta iska daga ɗakunansu, ba shi da madogara kamar kundin Callbook, wanda aka fara bugawa a Amurka cikin 1920. A ciki kowa da lambar kiransa, da sunansa, da garinsu. Zamanin Turawa lambar Nijeriya da ZD2 take farawa, ta Gana kuwa ZD4. Da aka sami mulkin kai suka koma 5N2 da 9G1. Amma fa akwai tarko. Idan mai lamba ya rasu ko ya bari, akan ba wani ita, don haka wanda bai duba shekarar bugu ba yana iya jingina wa magaji aikin mamaci.