Wa Ke Koya Wa Ɗan TP Koyarwa?



Yau za mu ɗan ajiye maganar jigo da salo da taurarin labari, mu leƙa aji. Wani zai ce me ya haɗa marubuci da TP? Duk yaron da zai sayi littafinmu nan da shekara goma, yanzu haka yana zaune a benci ko a ƙasa a wata firamare, kuma tsawon watanni a kowace shekara wanda ke tsaye gabansa riƙe da alli ɗalibi ne da aka turo daga kwaleji don ya koyi koyarwa. Ban da haka, da yawa daga cikinmu a wannan zaure 'yan NCE ne, wasu sun yi TP sun gama, wasu kuma yana gabansu.

Mu fara da abin da ke rubuce. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce NCE ita ce mafi ƙarancin takardar da mutum zai riƙe kafin ya shiga aji a matsayin malami. Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989 don kula da kwalejojin ilimi, ita ta tsara cewa ɗalibi zai yi zango guda cur a shekararsa ta uku yana koyarwa a wata makaranta, kuma ba ya samun shaidar kammalawa sai ya ci wannan kwas. Kafin nan, a shekara ta biyu, yana yin ƙaramin gwaji a gaban 'yan ajinsu, su zama ɗalibai shi ya zama malami. Idan ya isa makarantar da aka tura shi, abin da ake so shi ne a haɗa shi da malamin da ke da ajin, ya fara da kallo, ya rubuta shirin darasi a duba masa, ya koyar malamin na zaune a baya yana lura, sannan malaman kwaleji su riƙa zuwa suna duba shi suna ba shi maki. Tsarin ba shi da laifi a takarda.

To, mu sauko Fagge. A lokacin da 'yan TP suka fito daga Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, da FCE Kano wadda yanzu aka mayar jami'a, da Kwalejin Aminu Kano, da tsangayar ilimi ta Jami'ar Bayero, za ka gan su a makarantun gwamnati na cikin Fagge da masu zaman kansu na Sabon Gari, da sababbin kaya da littafin shirin darasi a hammata. A makarantu da dama, ranar farko ake miƙa wa ɗalibi alli da rajista a nuna masa ƙofar aji. Malamin ajin kuwa ya samu hutun da babu shi a kalanda. In mai kirki ne ya koma ofis ya zauna, in kuma yana da rumfa a Kantin Kwari ko Singa, ai nesa ba ta kai ba. Haka saurayi ko budurwa mai shekara ashirin da 'yan kai zai tsinci kansa gaban yaran da ko motsi tsakaninsu ba ya yiwuwa saboda cunkoso, babu wanda ya taɓa nuna masa yadda ake sa aji irin wannan ya yi shiru ba tare da bulala ba.

Ra'ayinmu a nan shi ne: duk gyaran da za a yi wa TP, in bai taɓa malamin ajin ba, an bar jaki ne ana dukan taiki. Ana yawan kuka da malaman kwaleji masu zuwa dubawa, cewa sai su leƙo minti goma su sa hannu su wuce, wani ma sai ya ce a tattaro masa littattafan shirin darasi a kai masa wuri guda. Kukan na da tushe. Amma ko da mai dubawa ya zo sau goma ya zauna darasi ya ƙare, kwana goma ke nan cikin zango guda. Sauran kwanakin fa? Mutumin da ke nan kullum, wanda ya san wane yaro ne ba ya gani sosai, wace yarinya ce ke zuwa a makare saboda talla, wane uba ne zai zo da faɗa in an taɓa ɗansa, shi ne malamin ajin. Shi ne ainihin mai koyar da ɗan TP, amma shi ne tsarin ya fi mantawa da shi. Ba a horar da shi kan yadda zai raini sabon malami ba, ba a ba shi ko kwabo a kan wannan ƙarin aiki ba, kuma in ya yi da kyau ba ya shiga fayil ɗinsa ranar ƙarin girma. Mutumin da aka ɗora wa kaya babu lada babu tambaya, me zai hana ya sauke ya tafi harkarsa?

Abin mamaki, a wannan yanki da muke magana a kai babu wanda bai san yadda ake koyon sana'a ba. Tela a Fagge ba ya miƙa wa yaronsa almakashi da shaddar mutane ranar da aka kawo shi. Sai ya yi watanni yana guga, yana sa maɓalli, yana kallon hannun maigida, kafin a bar shi ya yanka ko da hular yara ce. Ɗan kasuwa Ibo a Sabon Gari yakan riƙe yaron shagonsa shekaru, yana ci yana kwana a hannunsa, yana koyon kaya da farashi da halin masu saye, kafin ya sallame shi da jari. Duk cikinsu babu wanda zai bar wa sabon yaro shago ya yi tafiyarsa, domin ya san asarar a aljihunsa za ta faɗa. Asarar aji ba ta faɗa wa aljihun kowa a ranar, sai bayan shekaru take bayyana, lokacin da ɗan aji shida ya kasa karanta sunan unguwarsu a jikin allo.

Sabon Gari ma tana da nata darasin da kwaleji ba za ta iya bayarwa ba. Unguwa ce da aka kafa tun farkon mulkin Turawa don baƙi, har yau kuma aji guda na iya haɗa yaron da ake Ibo a gidansu, da na Yarbanci, da na Hausa, da wanda buroka ce harshensa na farko. Ɗalibin da ya taso a cikin Birni ko ya zo daga ƙauye, aka ajiye shi a irin wannan aji, ya samu dama babba in akwai mai riƙe masa hannu. Tsohuwar malamar da ta shekara ashirin a wurin ta san lokacin da za ta saki Turanci ta jefa kalma guda ta Hausa ko buroka yara su gane, ta san misalin da zai shige su duka ba tare da ta taka addinin kowa ba. Wannan ilimi babu shi a littafi. In ta fita ta bar masa ajin, ya rasa shi ke nan. Wasu masu makarantun kuɗi kuwa murna suke da zuwan 'yan TP saboda wani dalili daban: ma'aikaci ne na zango guda wanda ba a biya, iyaye kuma sun riga sun biya kuɗin makaranta cif.

Ba mu ce 'yan TP ba su da nasu laifin ba. Akwai wanda ke zaɓar makarantar da kawunsa ne hedimasta don ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako. Akwai mai kwafe shirin darasin abokinsa har da kuskuren rubutu. Akwai wanda ba ya bayyana sai an buga masa waya an ce mai dubawa ya shigo unguwa, a nan ne za ka ga an ɗauko kwali an zana taswira cikin gaggawa. Sai dai duk waɗannan suna yiwuwa ne saboda babu idon da ke kansa kullum.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a so a yi ta. Ɗalibin da ke zaune a Kumbotso ko Kabuga aka tura shi Sabon Gari, kullum sai ya biya adaidaita sahu zuwa da dawowa, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Shi zai sayi kwali da maka da littafi. Sabon likita ana biyansa a shekarar da yake sanin makamar aiki a asibiti. A Oktoban 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da tallafin naira 75,000 a kowane zango ga masu digirin ilimi, da 50,000 ga 'yan NCE, amma wannan tallafin karatu ne gaba ɗaya, ba a ɗaura shi da watannin TP ba. Asusun TETFund ma yana ware kaso don TP, wanda ya fi tafiya ga alawus ɗin malamai masu fita dubawa. Wato an tuna da mai zuwa jefi-jefi, an manta da mutum biyun da ke cikin ajin kowace safiya.

Wasu ƙasashe sun gane wannan. A Ingila, tun 1992 aka mayar da kusan kashi biyu cikin uku na kwas ɗin shekara guda na malaman sakandare zuwa cikin makarantu, ana kuma tura wa makarantar wani kaso na kuɗin horon saboda aikin da malamanta ke yi. Ghana, wadda ta fi kusa da mu a hali, kafin 2018 ta daɗe tana tsarin shekara biyu a kwaleji, ta uku a makaranta ƙarƙashin malami mai raino, ta kuma dawo da alawus ɗin ɗaliban kwalejojin ilimi a 2017 bayan an soke shi.

Za a ce mana makarantun Kano ba su da isassun malamai, ta yaya za a zaunar da mutum biyu a aji guda alhali wani ajin babu kowa? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma hedimastan da ya faɗe ta ba ƙarya yake ba. Amma toshe gurbi da ɗan TP yana ɓoye ƙarancin ne na zango guda, ya kuma haifar da malamin da zai shekara talatin yana maimaita kuskuren da babu wanda ya gyara masa. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024. Gina ajujuwa da raba kayan makaranta abu ne da ido ke gani, shi ya sa ake saurin yin sa. Abin da muke roƙo bai kai wannan tsada ba: SUBEB da kwalejojin su zauna su ware makarantun da za a riƙa tura 'yan TP, maimakon kowa ya nemo wa kansa; kowane ɗalibi a rubuta sunan malamin da zai raine shi; a ba malamin horo na 'yan kwanaki da ɗan alawus; a sa makinsa ya yi nauyi a sakamakon ɗalibin; makon farko da na biyu kuma su zama na kallo zalla, kada a ba ɗan TP alli.

Mu marubuta muna da gado a wannan magana. Littattafan da gasar 1933 ta haifar, malaman makaranta ne suka rubuta manyansu: Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da Bello Kagara mai Ganɗoki suna koyarwa a Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar yana koyarwa a Bauci. Imam da Ɓalewa duk Kwalejin Katsina ce ta horar da su, wadda don samar da malamai aka buɗe ta. Yau kuwa mu ne ke kukan cewa matasa ba sa bambance ƙ da k, suna haɗa kalmomin da ya kamata a raba, suna raba waɗanda ya kamata a haɗa. Yaron da ɗan TP ya rubuta wa "kasa" a allo yana nufin "ƙasa", babu babba a bayan aji da zai ɗaga hannu, haka zai tashi yana rubutawa, wata rana kuma ya turo mana labarinsa mu gyara.

Waɗanda ke cikinmu da suke riƙe da aji a Fagge ko Sabon Gari ko wata unguwa, zango mai zuwa za a kawo muku ɗan TP. Ku ja kujera ku zauna a baya ko da darasi ɗaya ne a rana, bayan an tashi ku ba shi minti goma ku faɗa masa abu biyu da ya yi daidai da ɗaya da zai gyara gobe. Masu shirin fita TP kuma, ranar farko ku tambayi hedimasta sunan malamin da aka haɗa ku da shi, ku roƙe shi ya bar ku ku kalli darasinsa kafin ku karɓi alli.