Shin Atamfa Ce Ke Tsufar Da Iyayenmu Mata?

Daga wakilinmu a Gusau

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan mata da matasan matan aure a Gusau, musamman idan Salla ta gabato ko aka shiga watannin bukukuwa. Maganar ita ce wai akwai atamfar da ba ta dace da uwar 'ya'ya ba, watau macen da ta ba shekara arba'in baya amma da sauran ƙarfinta. Wai da zarar ta ɗaura irin wannan zani sai ta koma kamar kakar wani, ta yi tsohon yayi, ta yi ƙauyanci. Har sunaye ake kamawa. Wasu su ce Nichem ta tsofaffi ce, wasu su ce ABC an daina yayinta, wasu kuma su ce Hitarget da 'yan uwanta na ƙasar Sin ba su yi wa babbar mace kyau, sai dai ta daure ta sayi Super Holland.

Mai karatu yana iya cewa wannan hirar tsakar gida ce, ba ta isa a kawo ta shafin jarida ba. Ni kuwa ina ganin ta isa, domin a ƙarƙashinta akwai kuɗi, akwai bashi, akwai kuma mutuncin matan da su ne ke riƙe da gidajenmu. Ra'ayina shi ne sunan da aka buga a bakin zani bai taɓa tsufar da kowa ba, kuma masu ɗora wa sunan laifi sun bar jaki suna dukan taiki.

Bari mu fara da sunayen nan da ake ta tinƙaho da su. Atamfar da muke kira Holan ta kamfanin Vlisco ce, wanda aka kafa a garin Helmond na ƙasar Holan a shekarar 1846. Dabarar rina ta ma ba tasu ba ce tun asali, daga mutanen tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya suka koyo: a shafa wa ƙyalle kaki ko ƙaro a wuraren da ba a son rini ya kama, sa'an nan a tsoma shi. Wasu daga cikin zanen da wannan kamfani ke bugawa har gobe sun girmi kakannin 'yan matan da ke yi wa iyayensu dariya. ABC kuwa, wadda ake ce wa 'yar Ingila, an dade da daina buga ta a can kusa da Mancesta. Tun wajen 2007 aikin ya koma Akosombo ta ƙasar Ghana. Nichem ta gida ce, daga masaƙar Nichemtex ta Ikorodu a Jihar Legas. To, a nan ne abin mamaki yake. Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari a Kano, inda galibin fataken Gusau ke saro kaya, ya san zane ɗaya kan fito a turmi iri uku ko huɗu: na ainihi, da mai bi masa, da na talaka, har da jabu wanda aka buga wa sunan Holan a baki don a yaudari mai saye. A taron biki, daga nisan taku goma, mutum nawa ne za su iya rantsuwa a kan wanne ne wanne? Idan fure ɗaya ne, launi ɗaya ne, ta yaya turmi guda zai mai da mace yarinya, ɗayan kuma ya mai da ita tsohuwa? Abin da idon 'yan matan ke gani shi ne farashi, sai bakinsu ya kira shi tsufa.

Ban ce duk atamfa ɗaya ba ce. Akwai bambanci na haƙiƙa, kuma iyayenmu sun fi kowa saninsa, shi ya sa za ka ga dattijuwa ta juya bayan zani kafin ta tambayi kuɗinsa. Atamfar kirki rininta ya ratsa ciki da bai, auduga ce tsantsa, tana shan gumi, kuma wanki yana ƙara mata laushi. Mai araha sau da yawa fuska ɗaya aka buga wa launi, an cika ta da sitaci don ta yi ƙarfi a hannu. Ranar da ta shiga ruwa sai ta zuba, ta yi laƙwas, rana da ƙurar hunturu kuma su ƙarasa ta. Zanin da ya koɗe kuwa ba ya yi wa kowa kyau, ko 'yar shekara goma sha takwas ce ta ɗaura shi. Amma wannan magana ce ta inganci da ƙarko, kuma ko a cikin masu arahar akwai waɗanda ke jure wanki in an san zaɓe, an kuma shanya su a inuwa.

Inda nake son a tsaya a duba da kyau shi ne shagon tela. A nan ne, a ganina, ake tsufar da iyayenmu mata da almakashi. Kowa ya san al'adarmu: matar aure mai kamun kai ba za ta je ta tsaya gaban tela namiji ya gwada ta ba, kuma ba wanda ke son ta yi haka. Sai ta ɗauko tsohuwar riga ta ba yaro ya kai a yi awo da ita. Wannan rigar awo kuwa, in an bincika, wata an ɗinka ta tun kafin haihuwa uku ko huɗu da suka wuce. Jiki ya sake, kafaɗa ta sake, tsayin da ya dace da ita ma ya sake. Tela ya san haka, shi kuma yana tsoron a dawo masa da ɗinki a ce ya matse, saboda haka sai ya ƙara faɗi ko'ina, ya zurfafa hammata, ya saki wuya, ya fito da wata jibgegiyar riga mai kama da buhu. Ga shi kuma lokacin Salla ne, kaya sun yi masa yawa, hankalinsa yana kan ɗinkin 'yan mata waɗanda ke zuwa da hoto a waya suna tsaye a kansa har sai ya yi yadda suke so. Na uwa shi ake bari sai daren jajibiri, a miƙa wa yaron shago ya koyi hannu da shi. A ɗauki turmin Super Holland a yi masa irin wannan ɗinki a ga ko sunan zai cece shi.

Kuma kada a ce ina kira ne a matse iyaye mata cikin ɗinkin 'yan mata. Allah ya kiyaye. Tsakanin rigar da ta ɗame jiki da wadda ta zama buhu akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne kwalliyar babbar mace take: riga da zani da suka zauna daidai kafaɗa, hannu mai tsayin da ya kamata, ɗaurin ɗankwali mai tsari, da mayafin da ya shiga da launin zanin. Matan da suka san wannan, ko turmin talaka suka ɗaura, sai ka ga taro ya ba su hanya.

Mai kanti ma yana da nasa kason. Da ya ga mace ta manyanta, ko namiji ya ce masa na uwargida yake nema, sai hannunsa ya tafi kan ruwan ƙasa da ruwan toka da shuɗi mai duhu, galibi kuwa kwantai ne da suka daɗe a kan kanta. Wa ya kafa dokar cewa ja da rawaya da kore shar sun haramta ga wadda ta aurar da 'ya? Ba mu same ta a wurin malamai ba, ba mu kuma gaje ta a wurin kakanni ba. A waje dai hijabi ko mayafi ya rufe komai, ballantana a wannan jiha tun bayan da aka ƙaddamar da shari'a a 1999. Kwalliyar mace a cikin gidanta take, da kuma cikin 'yan uwanta mata ranar suna ko biki, kuma a can ba wanda launi mai haske ya yi wa laifi.

Sai kuma magidanta, mu da kanmu. Tufatar da mata nauyi ne a kan miji, kowa ya san wannan. Amma a duba yadda rabon ke tafiya a gidaje da yawa. In Salla ta zo, yara ne farko, sa'an nan shaddar maigida, in da hali ma Getzner ta ƙasar Ostiriya, sai abin da ya rage a ce na uwar gida ne. Ita ma sau da yawa da bakinta za ta ce a bari, a yi wa yara tukuna. In kuwa maigida zai ƙara aure, akwatunan lefe za su cika da turame da leshi, kayan faɗar kishiya kuma su zo 'yan ƙalilan, masu duhun launi. Shekara biyar a haka, sai 'yarta ta dube ta ta ce atamfar da take sawa ce ke mai da ita tsohuwa. Ina atamfa ta shiga nan?

Illar wannan magana ta fi fitowa wajen anko. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, duk kayan da ake shigowa da su kuma suka bi ta, turmi mai yadi 6 bai tsira ba. Duk da haka, in za a fitar da ankon iyaye sai a ce dole ya zama mai suna, kada dangin ango su raina. Mace mai sana'ar ƙuli-ƙuli ko dakan fura sai ta kwashe adashinta, ko ta ci bashin dillaliya, don zanin da za ta ɗaura yini guda. Wadda ba ta da hali kuwa sai ta ƙi zuwa bikin 'yar ƙanwarta don kunya, zumunci ya yi rauni saboda rubutun da ke bakin ƙyalle.

Ya kamata kuma masu wannan hira su tuna a wace jiha suke. A ƙauyukan Tsafe da na Bungudu akwai iyaye mata da 'yan bindiga suka kora daga gidajensu cikin 'yan shekarun nan, wasu sun shigo Gusau da zanin da ke jikinsu kaɗai. Waɗannan yankuna ne da aka san su da noman auduga, wadda jirgin ƙasa ya riƙa kwasa a da, bayan da dogo ya iso Gusau. A wannan gari ne kuma masaƙar Zamfara ta ciyar da dubban gidaje kafin injunanta su yi shiru a shekarun 2000, kamar yadda na Kaduna suka yi. Da masaƙunmu na nan da ƙarfinsu, da uwa ta sami zanin auduga mai ƙarko da kuɗin da ba sai an tambayi dala ba. Yau kuwa an bar mu muna gardama a kan wane baƙon turmi ne ya fi wani.

Abin da ke hannunmu dai bai fi ƙarfinmu ba. A Gusau yanzu akwai mata teloli da yawa, a cikin gidaje da shaguna, waɗanda uwa za ta iya zuwa wurinsu su auna ta ba tare da wani abin kunya ba. Cibiyoyin koyar da mata sana'a na ƙananan hukumomi, a Tsafe da Bungudu da sauran wurare, ya kamata su ba koyon awo da yanka muhimmanci, domin taka keke kowa na iya koya cikin 'yan watanni, yanka kuwa shi ne ɗinkin. 'Yar da ke ganin uwarta ta yi tsohon yayi, maimakon ta kama sunan kamfani, sai ta ɗauki wannan tsohuwar rigar awo ta ajiye, ta raka uwar a sake auna ta, ta kuma tsaya a kan ɗinkin kamar yadda take tsayawa a kan nata. Masu fitar da anko su kuma su zaɓi zanen da ke da mai tsada da mai araha, kowace mace ta sayi daidai ƙarfinta, a daina juya bakin zanin mutane a wurin biki.