A koya mata riƙe numfashi tun daga gida

Jama'a 'yan kasuwa, mu masu zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, in sankarar mama ta kama matar ɗayanmu ko ƙanwarsa, lissafin kuɗin mota da na asibiti kawai muke yi. Alhali akwai shirin da ba ya cin ko dala.

In ciwon a nonon hagu yake, zuciya tana dab da wurin da na'ura za ta gasa da haske. Shi ya sa a asibitocin da ke da kayan aikin ake sa mara lafiya ta ja dogon numfashi, ta riƙe kamar daƙiƙa 20. Huhu ya cika, zuciya ta nisanci ƙashin ƙirji, hasken da ke samunta ya ragu. Binciken da aka buga a 2013 kan matan Suwidin da Denmak ya nuna gwargwadon hasken da ya taɓa zuciya, gwargwadon haɗarin ciwon zuciya daga baya.

To, baiwar Allah ta kwana a mota, an bar ta ɗaki ita kaɗai, ana ba ta umarni ta lasifika da Faransanci ko Turanci, yaya za ta iya? A ganina, wajibi ne ma'aikata su yi mata bayani da Hausa tun ranar awo.

Kai kuma maigida, ka tambayi likita ko dabarar ta dace da ita, don mai ciwon huhu kan sha wuya. In ya amince, ta riƙa kwanciya rigingine a gida, hannuwa sama da kai, kana ƙirga mata, daga daƙiƙa 10 har ta kai 20.