AKWATIN DARMA: A TAMBAYI YARINYA KAFIN A ƊAURA

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata magana da na ke ji a bakin waɗansunku tun da kuka fara karanta wasannin Shekisfiya, marubucin nan na Ingila da ya rayu daga 1564 zuwa 1616. Ku kan ce wai tun asali 'yan matan Turawa su ke zaɓen mazansu. Dattawa kuwa da suka ji haka, sai su ce, "To, ashe shawartar yarinya a kan aurenta al'adar Nasara ce, ba ruwanmu da ita." Ni ko na ce duka biyun kuskure ne, kuma na dattawan a kan naku ya hau.

Bari mu ɗauki wasan nan na Attajirin Birnin Benis, wanda aka fara bugawa a 1600. A cikinsa akwai wata budurwa mai dukiya da hankali, sunanta Foshiya. Ubanta ya mutu ya bar wasiyya, ya ajiye akwatuna uku, na zinariya, na azurfa, da na darma. A ɗaya daga ciki akwai surarta. Duk manemin da ya dace da wannan akwati shi ne mijinta, ko tana so ko ba ta so. Wanda ya kuskure kuwa, ya riga ya rantse ba shi ƙara neman aure har abada. Tun farkon wasan Foshiya ta koka wa mai yi mata hidima cewa ba ta da ikon ɗauka, ba ta da ikon ƙi. To, ina zaɓen da ku ke faɗi?

Ɗan sarkin Maroko ya buɗe na zinariya, ya tarar da ƙoƙon kan matacce. Foshiya ta yi murnar faɗuwarsa saboda launin fatarsa, wannan kuwa aibi ne gare ta, kada mu rufe. Ɗan sarkin Aragon ya buɗe na azurfa, ya tarar da surar wawa. Sa'an nan Basaniyo, wanda ta ke so, ya buɗe na darma, ya dace. Nan take ta miƙa masa gidanta da barorinta da kanta. Haka dokar Ingila ta ke a lokacin: abin hannun mace ya kan koma hannun mijinta. Sai a 1870 da 1882 majalisarsu ta yi dokokin da suka bar wa matar aure dukiyarta. Mu kuwa tun da can Shari'a ta ce sadakin mace nata ne, gadonta nata ne.

Ku duba abin da ya biyo baya. Wani mai ba da bashi, Shailok, ya kai abokin Basaniyo ƙara, yana neman ya yanki laba ɗaya ta naman jikinsa bisa ga yarjejeniyarsu. Manyan birni duka suka rasa mafita. Foshiya ta sa tufafin masanin shari'a, ta shiga majalisa, ta ce a yanki naman, amma takarda ba ta ambaci jini ba, kada ko ɗigo ya zuba. Ta tsirar da mutumin. Jama'a, macen da hankalinta ya fi na majalisar birni guda, ita ce aka ce ba ta isa ta san wanda za ta zauna da shi ba!

Wani zai ce, "Ai dabarar uban ta yi kyau, tun da ya ke ta sami wanda ta ke so." Haba malam! Ta yi kyau ne don mai alƙalami ya ga dama. A wasa ne a ke buɗe akwatin darma a sami masoyi. A duniya sau da yawa in ka buɗe akwatin darma, darma za ka tarar. Shi kansa Shekisfiya ya nuna ɗaya fuskar a wasan Romiyo da Juliyet. Yarinya ba ta cika shekara 14 ba, ubanta ya ce ko ta auri wanda ya zaɓa, ko ya kore ta ta bi titi. Bai san ta riga ta yi aure a ɓoye ba, don ba wanda ya tambaye ta abin da ke ranta. Ƙarshenta kabari. Kada kuma ku ɗauka Ingila ta waye dare ɗaya: har 1929 dokarsu ta yarda a aurar da 'yar shekara 12.

Yanzu mu komo gida. Yamma da mu nan Ɗansoshiya, a wajen Zarewa, aka yi wata mata, Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. Tana wajen shekara 14 aka yi mata auren zumunta da ɗan'uwanta Duma. Ba ta so, ta yi biyayya don ta faranta wa ubanta. Bayan 'yan shekaru auren ya mutu, ta auri Malam Maigari wanda tun farko ya neme ta, suka zauna shekara 15. To, me aka ci da tilas ɗin? An ɓata wa yarinya shekaru, an ɓata wa Duma, an kuma ja wa zumuncin da a ke son ƙullawa. Ana iya kai doki rafi, ba a iya sa shi shan ruwa.

Masu cewa addini ne ya ba su, ga amsarsu. Gaskiya ne, a mazhabar Imamu Malik uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, haka ya ke cikin Risala. Amma malaman nan dai sun so a shawarce ta, ba su kuwa yarda a yi amfani da ikon nan a cuce ta ba. Hadisi ingantacce ya zo cewa a nemi izinin budurwa. Cikin Muwaɗɗa kuma akwai labarin Hansa'u 'yar Hidamu, bazawara, wadda ubanta ya aurar ba da sonta ba, ta kai kuka wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Wannan ya auku kusan shekara dubu kafin a haifi Shekisfiya.

Inda mu ke zamewa shi ne wajen shiru. An ce shirun budurwa izini ne. Amma mu da kanmu muka hore ta da kunya, har ba ta iya ɗaga ido gaban ubanta. Ran kai amarya kuma kowace yarinya kuka ta ke yi, har ba a rarrabe kukan al'ada da na baƙin ciki. Saboda haka shirun da ya biyo bayan tsawa ba shi ne wanda hadisi ke nufi ba. A aiki goggonta ko kakarta, wadda ba ta jin nauyinta, ta tambaye ta a ɗaka, a kuma sanar da ita cewa in ta yi shiru an ɗauka ta yarda. Ba na cewa a sakar wa yarinya linzami. Uba ya binciki hali da asali, ya hana mugun miji. Abin da na ke ƙi shi ne a ɗaura ba a ji ta bakinta ba.

Ku samari na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, gobe ku ne waliyyai. Tun yau kuna da ƙanne. In aka fara zancen auren ɗayansu, ka sami Baba cikin ladabi ka ce, "Baba, an ji ta bakinta kuwa?" Ku kuma 'yan mata, faɗin abin da ke ranku ga inna ko goggo ba rashin kunya ba ne. Gara a ji shi kafin a raba goro da a ji shi gaban alƙali.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.