Kada a sayar da Peugeot 504 a kilo

Duk wanda ya leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano zai ga abin da ke sosa mini rai: tsofaffin motoci a jibge, ana yanka su da wuta, ana auna ƙarfen a kilo, har da Peugeot 504. Ita kuwa 'yar gida ce. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, ta zama motar manyan ma'aikata da ta haya mai dogon zango. A shekarar ce ma ta lashe gasar Safari a Kenya. A Faransa, wadda aka gyara tsaf tana da masu nemanta da kuɗi a hannu. Mu ma muna da abin yi. Busasshiyar iskar Arewa ba ta cin ƙarfe da tsatsa kamar ta bakin teku, kuma har yanzu akwai tsohon bakanike da zai kasa kunne ga inji ya ce maka kafireto ce, akwai mai gyaran bodi da zai bi lotsawa da guduma har ta miƙe, ga masu fenti da ɗinkin kujera. Sai dai suna tsufa, yaransu duk sun koma kan Toyota. Motar da aka farfaɗo za ta ci haya a biki da finafinan Kannywood masu labarin zamanin da. Alhaji, in akwai 504 kwance a bayan gidanku, kada ka miƙa wa 'yan jari-bola. Kai ta gareji.